Wa Ya Sayar da Langar Inna?

Jama'a, akwai wani shafi da na haddace a littattafanmu na hikaya saboda yawan cin karo da shi. Shi ne shafin kai amarya. Da zarar motoci sun tsaya maigadi ya wangale get, to marubuciya ta zo inda take so: falo uku kowanne da launin kujerunsa, gado daga Italiya, labule daga Dubai, kicin kuwa kamar kantin sayar da kayan wuta. Ƙawaye su riƙe baki, dangin ango su yi tsit, uwargida ta koma ɗakinta ta kwanta da zazzaɓi. Daga baya an ƙara Turkiyya a jerin ƙasashen, amma shafin yana nan yadda yake tun muna karɓo hayar littafi muna ɓoyewa a cikin hijabi. Idan kuwa ka ga an ambaci langa ko gado mai rumfa, to ɗayan biyu ne: ko dai an shiga ɗakin wata kaka 'yar ƙauye da aka kawo don a yi dariya, ko kuma ɗakin uwar yarinyar ne kafin Alhaji ya gan ta ya tsamo su daga talauci. Ranar da za su tare a sabon gida sai ya ce kada a ɗauki ko tsinke, a bar wa maƙwabta tarkacen.

Tarkace! Wannan kalmar ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Domin a ganina marubutanmu sun daɗe suna koya wa masu karatu jin kunyar ɗakin da aka haife su a ciki, kuma darasin ya zauna daram. Wanda yake son ganin sakamakon da idonsa ba sai ya yi nisa ba, ya shiga Kasuwar Kurmi.

Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, tana nan a bakin Jakara da lungunanta waɗanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. In ka wuce masu turare da dukawa da masu kayan doki, za ka iske wasu 'yan rumfuna da aka baza kaya a ƙofarsu, wasu a kan buhu, wasu a ƙasa ƙura ta lulluɓe su. Tsaya ka duba da kyau, mai karatu. Ga tasoshin tagulla masu zanen da aka buga da hannu, irin aikin Nufawan Bida. Ga akushi baƙi ƙirin, bakinsa har ya cinye saboda yawan hannuwan da suka ci tuwo a ciki. Ga shantali, ga tandun kwalli, ga adudu, ga fitilar aci-balbal, ga ƙwaryar da gyartai ya ɗinke tsagarta, ga kujera 'yar tsugunno wadda zama ya goge har tana sheƙi. Duk abin da ke nan daga ɗakin wata mace ya fito, mai suna, mai 'ya'ya da jikoki.

Nakan bi ta wurin idan na shiga sayen turaren wuta, kuma akwai wani dattijo da nake tsayawa a rumfarsa. Rannan na ɗaga wata tasa mai murfi, nauyinta ya ba ni mamaki, na ce, "Baba, wannan fa daga ina?" Ya ce, "Hajiya, daga ina kuwa? Daga nan cikin gari. Tsohuwar ta rasu, aka zo rabon gado, duk cikin 'ya'yan babu mai so." Ya ce shi ma sa'a ya taka, domin ya tarar ɗan jari-bola ya riga ya ɗora 'yan uwanta a kan sikeli. Na tambaye shi su wa ke saye. Ya ce da dai Turawa ne, to tun harin da aka kai Kano a Janairun 2012 suka ɗauke ƙafa, sai jefi-jefi. Yanzu sai 'yan fim da ke zuwa haya idan za a nuna ɗakin boka, sai kuma masu biki idan za a yi shagalin nan da suke kira ranar ƙauyawa. Bahaushen da zai saya ya kai gidansa ya ajiye kuwa, ya ce sai ya yi wata bai ga ko ɗaya ba.

Kun ji fa. Ɗakin boka da ranar ƙauyawa. Nan ne kaɗai muka yarda kayan iyayenmu su fito bainar jama'a.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha ji: ai irin waɗannan 'yan kasuwar ne suka sayar wa Turawa tarihinmu. Gaskiya ne Hausawa sun yi suna a wannan fatauci har a wajen ƙasar Hausa. Wani masani, Christopher Steiner, ya fitar da littafi guda a 1994 a kan masu sayar da kayan gargajiya a Abidjan, kuma Hausawa na cikin manyan 'yan kasuwar da ya yi magana a kansu. Gaskiya ne kuma a cikin sana'ar akwai masu turara sabon sassaƙe da hayaƙi, su shafe shi da ƙasa, su rantse ya shekara ɗari. Ban wanke kowa ba. To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kayan masarautar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, da bakin bindiga suka kwashe su, shi ya sa da Jamus ta dawo da kashin farko na wanda ke hannunta Abuja a Disambar 2022 kowa ya yi murna, har da mu da ba mu taɓa taka Benin ba. Tasar Inna fa? Wa ya ɗora mana bindiga? Mu muka leƙa waje muka kira yaro mai kura, muka tsaya yana aunawa, muka karɓi kuɗin da bai wuce na katin waya ba, ko ma aka ba mu bokitin roba muka yi godiya. Tasar da ta tafi Landan tana nan da ranta, wata rana jikanka zai iya ganin ko da hotonta ne. Wadda ta hau sikeli kuwa narka ta za a yi. Ashe ke nan dattijon nan da ake zagi shi ne mutum na ƙarshe da ke tsaye tsakanin kayan da wuta.

Kada kuma wani ya ce aikin gwamnati ne. Dokar 1979 wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba, kuma a ɓangaren aikin hannu abin da ta ambata shi ne wanda aka yi a gida kafin 1918, ko mai muhimmanci da aka yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Langar kanti da aka yi wa kakarka jere da ita a 1955 ba ta cikin lissafi. Ko da tana ciki ma, babu jami'in da zai shigo tsakar gidanku ranar rabon gado.

Wata ƙawata 'yar boko ta taɓa ce mini, ai ita langar ma ba tamu ba ce, mene ne na kuka a kanta? Haka ne. Iyayen kakanninmu da ƙorai da akusa aka yi musu jere, masu hali su ƙara da tasoshi. Langa shigo da ita aka riƙa yi daga ƙasashe irin su Cekoslobakiya, daga baya Hong Kong, kafin a shekarun 1960 'yan kasuwar Hong Kong ɗin su kafa masana'antunta a Legas da Kano. Gado mai rumfa shi ma baƙo ne. Amma na ce mata, ke kina kallon inda aka ƙera kwano, ni ina kallon abin da matan suka mayar da shi.

Wai shin kuna zaton don cin tuwo mace take jera langa tun daga ƙasa har kusa da rufi? Jeren nan asusunta ne. Tun yarinya tana talla uwarta ke tara ribar, tana sayen kwano ɗaya-ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado. Bayan aure ita ma da kuɗin sana'arta ta cikin gida, ƙuli-ƙuli ne ko fura ko ɗinkin hula, take ƙarawa, tana yi wa tata 'yar tanadi. Ranar da yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, sai ta zare samira ɗaya ta miƙa wa dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun shigo, ba ta roƙi kowa ba, ba wanda ya ji sirrinta. Idan zama ya ƙi, ta kwashe abinta ta tafi da shi, miji ba shi da iko da ko murfi. Dukiya ce da ake ɓantara kaɗan-kaɗan, ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta. Matan da ba su taɓa taka ƙofar banki ba su suka tsara wannan, kuma Allah kaɗai ya san yawan gidajen da ya rufa wa asiri.

To a nuna mini yadda ake ɓantarar kujera. Abin da muka musanya jeren da shi, yawancinsa katakon nan ne da ake matse garin katako da gam, a lulluɓe shi da abu mai ƙyalli. Ruwa ya taɓa ƙafarsa ya kumbura. A kwance shi sau biyu wajen tashi daga gidan haya, ƙusa ta daina kama shi. A kan wannan ne uba zai sayar da gona ko ya ci bashin da zai yi shekaru yana biya, uwa ta shiga adashi uku, don kada dangin miji su raina. 'Yan mata nawa ne ke zaune a gida, ga manemi, har an sa rana, ana ta ɗagawa saboda kayan ɗaki ba su haɗu ba? Kowa ya san irin gidan a unguwarsu. In kuma aka yi rashin sa'a auren bai yi ƙarko ba, je ka ji yadda dillalai ke taya kayan, sai hawaye ya zo maka. Gadon ƙarfen kakata kuwa mutum tara aka haifa a kansa. Yana ƙara idan an juya, ban musa ba, amma yana nan a tsaye.

Kada wani ya juya mini magana ya ce na ce a koma kwana a gadon kara. Ni ma a kan katifa nake kwana, kuma ina da firji. Su Turawan da ake kwaikwayo ai sun fi mu kayan zamani, amma duk ranar Asabar titin Portobello a Landan cika yake da masu neman tsohon agogo da tsohon teburi, kuma tsufan ne ke ƙara wa abin kuɗi. Mai arzikinsu da teburin kakansa yake taƙama. Namu kuwa in kujerunsa suka ga Sallah uku a falo sai ya ji kamar an fara cewa ya karye.

Na dawo kanku, marubuta, musamman ku 'yan uwana mata, domin kun fi kowa sanin ɗaki. Za ku ce ku madubi ne, abin da jama'a ke so kuke rubutawa. Ban yarda ba. Yarinyar da ta karance littafi ɗari kafin ta gama sakandare, a kowanne an nuna mata cewa alamar miji nagari ita ce ya hana ta ɗauko ko cokali daga gidansu, wace irin amarya kuke zaton za ta zama, kuma me za ta ce wa ubanta mai albashin malamin firamare? Ko ta fuskar sana'arku ma asara kuke tafkawa. Falon nan naku guda ɗaya ne a duk littattafan, ba ya gaya mini komai game da matar da ke cikinsa illa cewa mijinta na da kuɗi. Amma a shigar da ni ɗaki mai jere, in ga gurbin langa uku babu komai, nan take na san an yi wata lalura a gidan wadda ba a gaya wa maigida ba. In ga tsohuwar tasa guda ɗaya a tsakiyar sababbin kwanuka, na san ta uwarta ce, kuma uwar ba ta duniya. In ga kishiya ta ari fanteka ta dawo da murfin a lotse ba ta ce komai ba, ai ba sai an gaya mini abin da zai faru a babi na gaba ba. Ga labari zube a ƙasa, kuna tsallake shi kuna tafiya Dubai.

Su kansu kalmomin bin kayan suke yi. Tambayi 'yar sakandare a birnin Kano bambancin masaki da ƙoƙo, ko me ake yi da zunguru, ko mene ne aikin gyartai, ka ga yadda za ta dube ka. Kalmar da abin da take nufi ya bar gida, littafi kuma ya ƙi karɓar ta, ina za ta zauna? A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tattara kayan fasahar Hausawa ya baje kolinsu a Landan, ya kuma rubuta littafi a kansu da Turanci. Yau ɗalibin da aka ba aikin jinga a kan kayan ɗakin Bahaushiya sai ya je laburare neman wannan littafin, ko ya biya kuɗin shiga Gidan Makama ya leƙa ɗakin amaryar da aka shirya don baƙi, alhali irin ɗakin sak yana nan a gidan kakarsa, ana jira ta cika a kira mai kura.