Majalisar Gudanarwa da Darasin Zafin Jiki

Duk ɗalibin da ya yi nisa a ilmin halittu ya san cewa zafin jikin mutum mai lafiya yana tsayawa a wajen digiri 37 na ma'aunin Salsiyos, ko ana zafin bazara ko ana hunturu. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamos shi ke wannan aiki. Kullum yana samun labarin zafin jini. Idan zafi ya hau, sai ya sa a yi gumi. Idan ya sauka, sai ya sa jiki makyarkyata. Ba shi ke yin gumin ba, nasa dai aunawa ne da ba da umarnin gyara.

A ganina, haka ya kamata majalisar gudanarwa ta kowace ma'aikatar gwamnati ta kasance. Mu ɗauki misali da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take kuma zaune a yankin Kalgo. Kamar sauran jami'o'in tarayya, majalisarta ce doka ta ɗora wa kula da dukiyar jami'a da naɗa shugabanta, kuma wa'adin majalisar shekara huɗu ne. A watan Yuni na 2023 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun jami'o'inta baki ɗaya, ba a sami sababbi ba sai a 2024. Jikin da ya yi kusan shekara ba mai auna zafinsa, ai sai addu'a.

Saboda haka ina ba da shawara guda uku. Ta farko, a bar kowace majalisa ta cika wa'adinta, in dai ba a same ta da laifi ba. Ta biyu, a naɗa mutanen da suka san aikin, masu iya karanta rahoton kuɗi su yi tambaya, a daina mai da kujera ladan siyasa. Ta uku, majalisa ta nemi labari da kanta: ta shiga ɗakin gwaje-gwaje ta ƙirga madubin duba ƙwayoyin halitta nawa ke aiki, ta ji ta bakin ɗalibai da malamai. Amma kada ta wuce gona da iri ta koma raba kwangila, domin mai awo idan ya zama mai saye, mudu ba ya cika.

Wani zai ce gwamnati ce ke ba da kuɗi, don haka tana da ikon sauya wanda ta ga dama. Gaskiya ne tana da haƙƙin bincike da hukunta mai laifi. Sai dai kuɗin na jama'a ne, kuma majalisar da ke tsoron kora kullum ba za ta faɗi gaskiya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon jama'a, kuma shawara da adalci suna cikin abin da ya ƙarfafa.

Ya ku malamai da ɗalibai, ku ma kuna da kwamitin kula da makaranta. Ku tambaya: su wane ne a ciki, yaushe suka zauna, me suka gyara? Allah ya sa mu dace.