Sabon ɗan kokowa: kada girman ƙirji ya ruɗe mu



Duk shekara da an gama yankan hatsi, gangar kokowa ta soma tashi a garuruwanmu, daga Kona zuwa Tasawa har Mayahi, gardama ɗaya ce ke cika rumfunan kasuwa: a cikin samarin da suka fito bana, wane ne zai yi kaye, wane ne kuma zai sha ƙasa? A shirin da nake gabatarwa a rediyo, masu saurare sun kusa cinye ni a kan yara biyu. Ɗaya ƙato ne, in ya shigo fili sai makaɗa su rikice, kuɗi su yi ta zuba a goshinsa. Ɗayan siriri ne, ba shi da mai yi masa kirari, amma kullum da asuba yana wajen horo tare da wani tsohon ɗan kokowa. Mafi yawanku kun bi ƙaton. Ni na bi siririn, ga kuma dalilina.

Mu fara duba yadda gasar takobi take. Tun 1975 da aka fara ta a Tawa, inda Yakuba Kantu ɗan Maradi ya ɗauki takobin farko, ta zama babban bikin ƙasar Nijar. Jihohi 8 ne, kowace ta kawo ƴan kokowa 10, jimla 80. Wanda aka kayar sau ɗaya, to maganar takobi ta wuce shi a wannan shekara. Ke nan mai ƙarfin yini guda ba zai kai labari ba. Ana bukatar wanda zai yi kwanaki yana karawa, ya kwana da ciwon jiki, gari ya waye ya koma fili da hankalinsa. Kadiri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023 bayan ya yi nasara a kan namu Aibo Hasan na Maradi, duk wanda ya kalle shi ya san haƙuri da sanin lokacin kai hari suna cikin manyan makamansa.

Wannan darasi ba namu kaɗai ba ne. A Amurka akwai wata ƙwallo mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita, wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na babbar gasarsu suna zaɓen sababbin yara daga jami'o'i, bi da bi. A 2012 ƙungiyar Cleveland ta ɗauki wani mai gudu da ƙwallo, Trent Richardson, a matsayi na 3, ana ta zuga shi. Ƙungiyar Washinton kuwa ta ɗauki Alfred Morris can a matsayi na 173, ba wanda ya kula da shi. Da shekara ta ƙare, Richardson ya yi gudun yadi 950, ya kai ƙwallo gida da gudu sau 11. Morris ya yi yadi 1,613, ya kai sau 13. Ku masu sayar da atamfa kun fi ni sanin tazarar waɗannan yadudduka. A 2013 Cleveland ta sallama Richardson ga wata ƙungiya. Shi Morris ya faɗa hannun mai horon da tsarin wasansa ya dace da shi, aka yi ta miƙa masa ƙwallo har ya nuna kansa. Masu kuɗi da na'urori ma kirari ya ruɗe su, balle mu.

To, in za ku auna sabon ɗan kokowa, ku yi masa irin awon da kuke yi wa buhun wake, wanda ba ku saye sai kun soka hannu ciki. Wa ke koya masa? Yaron da ba shi da babba a bayansa, ranar da ya gamu da mai dabara ƙarfinsa ne zai kayar da shi. Da wa ya kara? Kaye goma a kan ƙannensa na unguwa bai kai kunnen doki ɗaya da gwanin wata jiha ba. Me yake ci, kuma ina yake kwana? Wanda ya sha fura da nono ya kwanta da wuri ba ɗaya yake da wanda ya raba dare a majalisar shayi ba. Sannan ku dubi halinsa ranar da ya faɗi: ya tashi ya gaida abokin karawarsa, ko ya ce sammu aka yi masa?

Akwai abin da ya fi damuna. Na ga ɗan kasuwa ya sa jarinsa a caca a kan ƙaton yaro, kafin la'asar rumfarsa ta koma kango. Na kuma ga muna liƙa wa yaro kuɗi a fili har ya ɗauka ya gama isa, ya daina horo, alhali watannin da yake bukatar abinci da kuɗin mota ba wanda ya leƙa shi. Wasu za su ce liƙi al'ada ce, kuma kuɗinsu ne. Gaskiya ne, ban ce a daina ba. Cewa na yi a raba shi biyu. Kamar yadda iyayenmu mata ke zubin adashi, ƴan kasuwar kowane gari su ware wani abu duk ranar kasuwa, a damƙa wa dattijon da aka yarda da shi, don ciyar da yaran da ke horo da kai su karawa Tasawa, Mayahi ko Maradi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Filin kokowar Maradi sunan Kantu yake ɗauke da shi. In muna son wani yaro daga karkararmu ya gaje shi, tun yanzu za mu nemo shi, tun bai da makaɗi. Ni dai na faɗi nawa. Mai ganin ƙaton ne zai yi nasara, layin rediyo a buɗe yake, sai dai ya zo da hujja.

Sai mun haɗu a bakin fili.