Daga Rum zuwa Garwa: jini ne yake yaɗa addini?

Duk lokacin da darasi ya biyo ta kan Rumawan da, sai ka ji ɗalibi ya ce kisan da aka yi wa Kiristocin farko shi ya yaɗa addininsu. Ana jingina wannan ra'ayi ga Tertullian, malamin birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 200. Maganar tana da daɗin ji, amma ban gamsu da ita ba, kuma tarihin arewacin Kamaru ne ya fara jefa mini shakka.

Ba mai musun wuyar da suka sha. A shekara ta 64 Sarki Nero ya ɗora musu laifin gobarar Rum, ya yi musu kisan wulaƙanci. Sai dai tsanantawar (kalmar da Kiristoci Hausawa suka fi amfani da ita ke nan, wasu su ce gallazawa) ba kullum ake yin ta ba. Wajen 112 Sarki Trajan ya amsa wa gwamnansa Pliny cewa kada a bi su farauta, a hukunta wanda aka kawo ƙara kaɗai. Dokar da ta game daular duka ba ta zo ba sai 250, da Decius ya ce kowa ya yi wa alloli hadaya ya karɓi takardar shaida. To, me ya biyo baya? Jama'a da yawa suka yi hadayar, masu hali suka sayi takardar da kuɗi, ikilisiya ta daɗe tana jayayya a kan karɓar tubarsu. Ta sake yin kauri ne a shekaru arba'in da 'yan kai na sararawa, daga 260 zuwa 303, kafin Diocletian ya sake ɗaga takobi. A 313 aka ba kowa 'yancin addininsa.

Yanzu mu dawo bakin Binuwai. 'Yan mishan na Lutaran sun shigo arewacin Kamaru a shekarun 1920, na Norwe suka zauna a Ngaundare a 1925. Katolika kuwa sai 1946 suka iso, Fada Yves Plumey yana gaba, Garwa ta zama dayosis a 1955. A watan Agusta 1985 Paparoma John Paul II ya yi taron ibada a Garwa, mahaifar Ahmadu Ahidjo. Cikin shekaru arba'in ke nan, ba tare da an jefa wa zakuna kowa ba. Gaskiya ne a zamanin Ahidjo Kiristocin arewa sun yi kukan ana fifita Musulmi wajen sarauta da aikin gwamnati, amma abin da ya ja Masa da Tupuri da Mundang da Gbaya da mutanen duwatsun Mandara shi ne makaranta, da ɗakin shan magani, da mai yi musu magana da harshen da suke ji. Baba Simon, fada ɗan kudancin Kamaru, ya je Tokombere a 1959, ya zauna cikin mutanen dutse yana yawo ba takalmi, har ƙarfinsa ya ƙare. Wani abin mamaki, Fulatanci, harshen fadar lamiɗo, shi ya haɗa ƙabilun nan a coci ɗaya, kamar yadda Girkanci ya yi a gabashin daular Rum, kamar yadda Hausa ta yi a tsakiyar Najeriya, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki a 1932.

Inda jini ya zuba a ƙasar Hausa fa? A zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo aka kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda fifikon da yake bai wa Annabi Isa a karatunsa. Almajiransa, Isawa, suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau, suka zauna 'yan kaɗan. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka nemi Likita Miller a Zariya, aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya cinye da yawansu. Kartaj ɗin Tertullian ma, mai tarin shahidai, cocinta na Latinanci ya shuɗe bayan zuwan Larabawa, alhali Ƙibɗawan Masar da suka mayar da littafinsu harshensu suna nan har yau.

Abin da ya sa nake jayayya da maganar nan shi ne tana sanyaya zuciya a inda bai kamata ta yi sanyi ba. Wanda ya yarda cewa kisa taki ne ga addini, ba zai ji zafin kisan yadda ya dace ba. Tun 2014 Boko Haram take kai hari ƙauyukan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, tana kashe Musulmi da Kirista. Waɗansu ƙauyukan sun zama kufai, masallaci da coci duka a rufe, masu su suna gudun hijira a Mora da Mokolo.