Direba ya fito kaso, wa ya yi mashi magani?

Ƴan'uwa matasa, duk wanda ya saba da tashoshin Maraɗi ko Damagaram ya san abin da wasu direbobi da ƴan kabu-kabu ke haɗiya da shayi kafin su kama hanya. Tramol ne. Wai don kar barci ya ɗauke su, tunda daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne.

In direba ya kaɗe mutum a buge, kaso ake kai shi. Ni ban ce kar a hukunta shi ba, uwar da aka kashe ma ɗa a kan titi tana da haƙƙi. Amma ranar da ya fito, me ya sake a jikinsa?

Tramol maganin kashe zafin ciwo ne mai kama jiki. Likitoci ba su wuce miligiram 400 a rana ga babban mutum, alhali na ɓoye ƙwaya guda na kai 225, wani kuma biyu ko uku yake watsawa lokaci ɗaya. Yawansa na kawo farfaɗiya, ku duba fa, a kan sitiyari, mota cike da fasinja. Wanda kuma ya daina kwatsam sai zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso mashi. Faɗa da nasiha ba su warkar da wannan. Ya fito yau, gobe ya koma tasha, mai ƙwayar na nan inda ya bar shi.

A Faransa tun 1970 doka ta yarda a tilasta ma mai shan ƙwaya zuwa magani. A Miyami ta Amurka, a 1989 aka buɗe kotu ta musamman: mai laifi na komowa gaban alƙali a kai a kai, ana auna fitsarinsa, likita na bin sa.

Abin da nake so a nan gida: kar a maida ma irin wannan direba permi sai likita ya sa hannu cewa ya bi magani. Kuma maganin ya kasance a asibitin jiharsa. In ka ce ma ɗan Tawa ya tafi Pavillon E a Yamai, cewa zai yi ka maida shi mahaukaci, ba zai je ba.

Shi kuma mai motar da ke yanka ma direba kuɗin da sai ya kwana tuƙi zai haɗa su, alƙali ya kira shi shi ma ya amsa tambaya.