Gadar Haƙori: Sana'ar Da 'Yan Kasuwarmu Suka Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Duk wanda ya je asibiti neman a cike masa giɓin haƙori zai tarar da cewa kuɗin da aka yanka masa yana bin farashin Dala ne sau da ƙafa. Dalili kuwa shi ne, tangaran da ƙarfen da ake ƙera haƙorin da su, har da simintin liƙa shi, kusan duk daga ƙetare ake shigo da su. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500.

Aikin da ake kira gada ba boyayye ba ne. Likita zai fere haƙora biyu da ke gefen giɓin, ya ɗauki awon baki, ya aika wa maƙeri. Shi kuma ya ƙera haƙora uku a haɗe: biyu su zama hula a kan waɗanda aka fere, na tsakiya ya cike gurbin. Da zarar an liƙa, ba a cirewa kamar haƙoran roba, kuma in an kula da tsabta takan kai shekara 10 ko fiye. Ba ado ba ne irin haƙorin Makka. Giɓin da aka bari yakan sa maƙwabtansa su karkace, tauna ta gagara.

Abin da ya kamata masu jari su lura da shi shi ne matakin nan na maƙeri. A nan ne ƙwarewa take, a nan ne kuma riba take. Makarantar tarayya da ke Inugu ta daɗe tana yaye masu wannan sana'a, amma wanda ya fito da takardar shaida ba shi da kuɗin sayen tanderun gasa tangaran, bankuna kuwa ba su san da zamansa ba. Sai ya tattara ya nufi Ingila ko Saudiyya.

A ganina, ɗakin ƙira guda mai ingantattun na'urori a Kano ko Kaduna zai iya karɓar aikin asibitoci da dama, ya rage musu jira da kuɗin aike. Sai dai tilas mai wannan niyya ya sa janareta ko sola cikin lissafinsa tun farko, domin tanderun ba ya jure ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi.