Rage tuwo, amma kada ki bar cin abinci

Uwargida, makon jiya wata baiwar Allah mai ciwon suga ta shigo shagon maganinmu a Ƙofar Ran, jikinta na rawa, gumi na karyo mata. Ashe don rage ƙiba ta daina karin kumallo, alhali tana shan glibenclamide. Suganta ne ya faɗi.

Kada ki bi sahunta. Rage malmalar tuwo da yawan masa, ki ƙara ganye da wake, ki bar lemon kwalba. Ki riƙa tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ko a tsakar gida ne. Mai nauyin kilo 90, in ta sauke biyar kacal, suganta kan daidaita sosai. Amma kafin ki fara, je likita ya duba adadin maganinki.