A Ceto Tsofaffin Wuƙaƙe Kafin Su Hau Sikeli

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A garin Zoza da ke Ƙaramar Hukumar Rogo, da sauran garuruwan yammacin Jihar Kano kamar Ƙaraye da Zarewa da Fulatan, da wuya a rasa gidan da ba a ajiye wata tsohuwar wuƙa mai kube ba, ko dai a ƙasan adaka, ko a soke a jikin danga, ko a rataye a ɗakin wani tsoho. Wata ta yanka ce, wata ta farauta, wata kuma irin wadda ake ɗaurawa a damtse ce. Yawancinsu sun yi tsatsa, kubensu ya ƙeƙashe, ƙotarsu ta tsage. Idan mai wuƙar ya kwanta dama, sau da yawa magada kan haɗa ta da ɓallayen fartanya da tsofaffin tukwane a miƙa wa 'yan gwangwan, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin nauyinta, daga nan sai kamfanin narka ƙarfe. Wannan hasara ce ga ilimi, kuma makarantun sakandare na yankin su ne suka fi dacewa da su tsayar da ita.

Abin da tsohuwar wuƙa ke faɗa

Aikin ƙarfe ya daɗe ƙwarai a wannan ƙasa. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narka tama waɗanda gwaji ya nuna an yi aiki da su ƙarni huɗu ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A gindin Dutsen Dala na Kano an sami shaidar aikin tama da ta koma wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. A Samaru ta Zariya ma, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono irin waɗannan murahu a shekarun 1970. Labaran gargajiya sun zo daidai da wannan, domin suna danganta kafuwar Kano da maƙeran Gaya da suka zo neman tama, kuma suna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura.

To, amma ba duk ƙarfen da aka yi aiki da shi a ƙasar Kano aka narka a gida ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takubba kimanin 50,000 a kowace shekara, galibinsu daga garin Solingen na Jamus, sa'an nan masu sana'a na gida su yi musu ƙota da kube. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka fara yawaita, har narka tama ya yi ta ja da baya, ya zo ya mutu. Maƙera suka koma ƙira da sifirin mota da tsofaffin magagarai da guntayen ƙarfen dogo.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamunna ya bar alamarsa a jikin wuƙa. Zafin murhun gargajiya ba ya wuce kimanin digiri 1,200 zuwa 1,300 a ma'aunin Salsiyas, alhali tsantsar ƙarfe ba ya zama ruwa sai a digiri 1,538. Saboda haka abin da ake fitarwa daga murhun curi ne mai haɗe da datti, wanda maƙeri zai yi ta duka yana ninkewa har ya matse yawancin dattin. Ragowar da ta maƙale takan miƙe ta zama siraran zare-zare a cikin ƙarfen, kamar jijiyoyin itace, kuma ana iya ganinsu da gilashin ƙara girma. Wuƙar da aka ƙera da ƙarfen kamfani ba ta da waɗannan zare-zare. Wadda aka yi da tsohon magagari takan bar sawun haƙoransa kusa da ƙota. Ruwan takobin Turai kuwa yakan zo da tambari, alal misali jinjirin wata mai fuska, wanda maƙeran wannan nahiya suka riƙa kwaikwayo daga baya. Watau dai ɗalibin da ya iya dubawa zai iya karanta tarihin ciniki da na fasaha daga wuƙa guda. Da zarar ta shiga tukunyar narkawa kuwa, wannan shaida ta tafi ke nan har abada.

Maƙera ɗakin gwaji ce

Dalili na biyu ya shafi darasin kimiyya kai tsaye. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO suna haddace yadda ake fitar da ƙarfe daga tama, da dalilin tsatsa, da gauraye-gaurayen ƙarafa, amma da yawansu ba su taɓa ganin an gwada ko ɗaya ba, saboda ƙarancin kayan aiki a makarantun karkara. Alhali kuwa maƙerin da ke bakin kasuwa yana yin waɗannan gwaje-gwaje kullum, da zugazugi da awartaki da masaɓa da uwar maƙera.

A ɗauki misalin taurin wuƙa. Abin da ke bambanta ƙarfen da ke riƙe kaifi da wanda ke saurin dakushewa shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsa. Rodin gini yana da kabon kaɗan, ƙasa da kashi 0.3 cikin 100 a galibi, shi ya sa ko an ƙera wuƙa da shi ba ta jimawa take lanƙwashewa. Sifirin mota yana da kimanin kashi 0.6, magagari kuwa yakan kai kashi 1 ko ya ɗara. Maƙeri bai san waɗannan alƙaluma ba, amma ya san wane ƙarfe ne ke yin wuƙa, wane ne kuma sai dai ƙusa.

Idan ya gama fitar da siffar wuƙar, sai ya mayar da ita cikin garwashi har ta yi ja, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwa ko mai farat ɗaya. A wajen digiri 800, tsarin ƙwayoyin ƙarfen yakan sauya ta yadda kabon zai narke a cikinsa. Sanyayar gaggawa takan hana kabon ɗin samun lokacin fita, sai ya maƙale, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai amma ya zama mai saurin karyewa kamar tangaran. Domin haka ake sake ɗumama wuƙar a hankali. Yayin da take ɗumama, launin fuskarta yakan sauya: a wajen digiri 220 takan yi launin busasshiyar ciyawa, a wajen digiri 300 kuma ta yi shuɗi. Waɗannan launuka suna fitowa ne daga wani siririn ɓawo da iskar oksijin ke haifarwa a fuskar ƙarfen, wanda kaurinsa ke ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Ashe idon maƙeri ma'aunin zafi ne.

Malamin kimiyya na iya ƙara wani abu a nan. Ƙarfe yakan daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai digiri 770, wanda yake dab da zafin da ake bukata kafin a tsoma wuƙa a ruwa. Da ɗan guntun maganaɗisu na tsohuwar lasifika, ɗalibai za su ga wannan da idonsu, maƙeri kuma ya sami hanyar tabbatar da abin da idonsa ke gaya masa, musamman da rana tsaka lokacin da hasken rana ke ɓoye jan ƙarfe. Kowane ɓangare ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Yadda ya kamata a tattara

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar tara tsofaffin wuƙaƙe, suna saye da tsada suna jerawa a akwatunan gilashi. Kayan Afirka da yawa sun shiga hannunsu ba tare da sunan maƙeri ko na gari ba, sai dai a rubuta cewa daga Afirka ta Yamma suke. Irin wannan tarawa ba ta da amfani ga Zoza. Darajar tsohuwar wuƙa ga ilimi tana tare da bayaninta, kuma bayanin yana bakin tsofaffin da ke raye yanzu.

Abin da ya dace shi ne ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta ta buɗe littafin rajista. Ɗalibai, tare da malaminsu, su nemi izinin mai gari da na sarkin maƙera, su ziyarci gidajen da suka yarda. Ga kowace wuƙa a rubuta tsawonta da faɗinta da nauyinta, a zana ta ko a ɗauki hotonta kusa da rula, a rubuta wanda ya ƙera ta idan an sani, da garin da aka saye ta, da aikin da aka yi da ita, da sunan da masu ita ke kiranta da shi. A duba ƙotar, ko itace ce ko ƙaho ko ƙashi, a duba kuben da irin ɗinkin da baduku ya yi masa. Bayan haka a mayar wa mai ita kayarsa. Ba dole ba ne wuƙa ta bar gidan gadonta kafin ta shiga tarihi. Wadda iyali suka riga suka yanke shawarar sayarwa ce kawai ya kamata makaranta ta nema, kuma kuɗin nauyin tsohuwar wuƙa a sikeli bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba.

Wajen adanawa akwai kuskuren da ya kamata a guje wa. Kada a goge tsohuwar wuƙa da injin wasa ƙarfe ko da takarda mai yashi domin ta yi ƙyalli, gama hakan yana share tambari da sawun masaɓa. Ya isa a share ƙura da busasshen ƙyalle, a shafa mai ɗan kaɗan. Tsatsa tana bukatar ruwa da iskar oksijin, mai kuwa yana raba ƙarfe da su biyun. Har ila yau, a ajiye wuƙa dabam da kubenta, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima da damina, kuma sinadarin jimar yana cin ƙarfe.

Amsa ga masu shakka

Wani zai ce wuƙa makami ce, kuma a lokacin da faɗan daba da ƙwacen waya suka addabi birnin Kano, bai kamata a kusanta yara da ita ba. Wannan damuwa tana da tushe, kuma ita ce ta sa dole a gindaya sharuɗɗa. Kada ɗalibi ya ɗauki wuƙa zuwa makaranta ko daga makaranta. Aunawa da zane a yi su a gaban malami da mai gida. Abin da makaranta ta mallaka ya zauna a kulle a ofishin shugaba, a sanar da hukumar ilimi da ofishin 'yan sanda na yankin. Ɗakin gwaji ma yana da ruwan asid mai ƙona fata, amma ba a rufe shi saboda haka ba, ƙa'ida aka kafa masa.

Wani kuma zai ce zamani ya wuce wuƙar maƙera, tun da ga ta kanti mai arha wadda ba ta tsatsa. Gaskiya ne ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913 ta hanyar gauraya ƙarfe da sinadarin kuromiyam kimanin kashi 13 cikin 100, ya sauƙaƙa aikin ɗakin girki. Amma har yanzu mahauta da dukawa da masu saran rake suna komawa wajen maƙeri, domin wuƙarsa tana da sauƙin wasawa a dutse, kuma yana ƙera ta daidai da aikin mai ita. Duk shekara idan Babbar Salla ta gabato, kasuwar wuƙaƙe takan buɗe. Sana'ar da ke da masu saye ba ta mutu ba, gyara take bukata, kuma ɗalibin da ya fahimci kabon da zafi shi ne zai iya gyara ta.

Akwai kuma batun doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta sanya kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fitar da su waje ba tare da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu. Saboda haka idan aka ci karo da wuƙa ko takobin da ake zaton ya kai waɗannan shekaru, sai a sanar da Gidan Makama da ke Kano. Masanan Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello kuma za su iya taimakawa da gwajin da ya fi ƙarfin makaranta.

An yi rubuce-rubuce a kan makamai da maƙeran manyan birane. A. D. H. Bivar ya wallafa nazarinsa a kan takubba da kayan yaƙin Arewa a 1964, Philip Jaggar kuma ya fitar da littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994. Maƙeran karkara, waɗanda suka ƙera wa manoma fartanya da lauje da wuƙa shekara da shekaru, su ma sun cancanci a rubuta aikinsu, kuma babu wanda ya fi jikokinsu damar yin haka. Littafin rajista guda, da rula, da gilashin ƙara girma, da guntun maganaɗisu, sun isa a fara a zangon karatu mai zuwa. Tsofaffin da suka san tarihin waɗannan wuƙaƙe suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan gwangwan kuma ba su daina zagaye da sikelinsu ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.